Waifai ba ya kaiwa sashen Hajiya da saman bene, me zan saya?

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin harkar netwok ku ba ni shawara kafin in sake zubar da kuɗi a banza, don na riga na yi asara sau ɗaya.

Gidanmu gidan gado ne a cikin gari nan Kano, irin wanda aka yi ta ƙara gini a kai shekara da shekaru. Daga ƙofa zaure ne, sai falona da ɗakina a dama, sai tsakar gida mai ɗan faɗi, sai sashen maiɗakina da yara, can ƙurya kuma sashen Hajiyarmu, shi ginin ƙasa ne tun na zamanin marigayi Baba shafen siminti kawai aka yi masa, kaurin bangon nan ya fi kamu guda wlh. A saman falona kuma ƙanena ya zuba dekin ya ɗora ɗaki biyu.

Rauta ce da ni, wato akwatin raba waifai, irin mai sim ɗin nan ta 4G, tana falo a kan kantar talabijin, ta bayan talabijin ɗin saboda yara. A falo lafiya lau komai yana gudu. Ka fito tsakar gida sandar sigina biyu kawai waya ke nunawa. Maman yara sai ta tsaya jikin taga kafin saƙo ya tafi. Sashen Hajiya kuwa ko sunan waifai ɗin ba ya fitowa, kuma ita ce ma dalilin da ya sa na damu, ƙanwarmu tana aure a Madina kullum sai sun yi kiran bidiyo, to sai an fito mata da kujera tsakar gida ga rana ga ciwon ƙafa, abin ba daɗin gani. Shi ma na saman bene ƙorafi yake, alhali rautar tana ƙarƙashin ƙafarsa ne kai tsaye, wannan ya fi ɗaure min kai.

Watan jiya na sayi ekstenda ƙarama mai shiga soket, wai mai ƙara wa waifai nisa, na jona a ɗakin Hajiya. Waya tana nuna sanda cike taf amma ko hoto ba ya buɗewa, sai juyawa kawai yake yi. Na koma wajen mai shagon ya ce ai mesh ya kamata in saya, wai na'urori ne biyu ko uku da ake rarrabawa a gida suna miƙa wa juna sigina, wani kuma a majalisa ya ce akwai wadda ke bin wayar wutar gida. To wanne ne gaskiya? Na gode.

Injiniyan Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Baban Walid. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Ekstendarka ƙalau take, wurin da ka sa ta ne ba daidai ba. Ka ɗauke ta kamar ladan mai ɗaga kabbara a sallar idi. In ladan ya je ya tsaya can ƙarshen sahu inda shi kansa ba ya jin liman, ko muryarsa ta kai ta lasifika me zai faɗa wa mutane? Sandunan da wayar Hajiya ke nunawa ƙarfin muryar ladan ne, ba abin da ya jiyo daga liman ba. Shi ya sa ake sa ta a tsakiya, inda take samun sigina mai kyau daga rauta, ba a ɗakin da babu komai ba. Kuma ko ka sa ta daidai, irin waɗannan ƙananan da abu ɗaya suke karɓa da shi suke miƙawa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi.

Amma tsaya tukuna kar ka sayi komai, fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ciro rautar nan daga bayan talabijin. Bayan talabijin kusan shi ne wuri mafi muni a gida, ga ƙarfe ga wayoyi ga bango a manne. Ka ɗaga ta sama kamar tsayin kanka, a fili, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida. Sai dai akwai wani abu da mutane ke mantawa da shi a rautar sim, ita aiki biyu take yi, tana kamo netwok daga eriyar kamfani a waje sannan tana rabawa a cikin gida, to wani lokaci ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya. Duk inda ka mayar da ita ka duba fitilun sigina na jikinta ba su ragu ba.

Sannan ka sauke manhajar nan WiFi Analyzer ko makamanciyarta a waya, ka zaga gidan da ita. Lamba take nunawa mai alamar ragi a gaba. In ka ga -50 ko -60 lafiya lau, har zuwa wajen -67 kiran bidiyo zai yi, in ta kai -80 to ka manta kawai. Sandunan waya ruɗi ne, wannan lambar ita ce abin dogaro.

Maganar bene kuwa ba abin mamaki ba ne. Dekin kankare ne mai kauri da rodi saƙe a cikinsa kamar raga, kuma ƙarfe shi ne babban abokin gabar waifai. Ga shi eriyar rauta ta fi watsa sigina gefe da gefe, ba sama ba. Bangon ƙasar Hajiya shi kuma kauri ne da shi, da damina in ya sha danshi abin ya ƙara muni don ruwa na shanye sigina. Haka tankin ruwa, ƙofar ƙarfe, firji, babban madubi, duk suna tarewa.

In rautarka tana da suna biyu, ɗaya na 2.4GHz ɗaya na 5GHz, na 5 ɗin ya fi gudu amma ba ya jure bango, na 2.4 shi ke tafiya nesa. Na nesa su riƙa hawa 2.4.

To maganin gaskiya a gida irin naka shi ne waya. Na san mutane ba sa son jin haka, suna cewa ai waifai muka ce, amma haka ne. Ka duba bayan rautarka za ka ga ramuka an rubuta LAN. Ka ja kebul Cat6 daga nan har cikin sashen Hajiya, ka sa wata ƙaramar rauta a can ta zama mai rabawa kawai. Kebul ɗin nan yana tafiya har mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, bango kuma bai dame shi ba tunda huda za ka yi ka wuce. Wani kebul ɗin kuma ya hau bene ta taga ko ta jikin matakala. Shi kenan. Ko tsohuwar rauta da ke ajiye a durowa za ta yi, in kuma saya za ka yi irin su TP-Link WR840N sun wadatar da kiran bidiyo da WhatsApp.

Abba_Gwarinpa:

Injiniya ka ja zance da yawa gsky. Malam ka sayi mesh mai guda uku ka huta, Deco ko Tenda Nova, ni shi nake amfani da shi shekara biyu kenan ba huda bango ba jan waya, a waya kake saita komai minti goma an gama, kuma suna ɗaya ne duk gidan kana tafiya yana bin ka. Wa ke da lokacin fasa bango a wannan zamanin.

Injiniyan Tudun Wada:

Abba gidanka fulat ne ko? Bulo inci shida duk ɗakuna a manne ƙarƙashin rufi ɗaya. A irin wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ni ma shi zan ce a saya.

Amma ka sake karanta yadda ya siffanta gidansa. Su na'urorin mesh ɗin nan ai da iska suke magana da junansu, kuma galibi ta 5GHz ɗin da na ce ba ya jure bango. In ta biyu ba ta jin ta farko saboda bangon ƙasa da faɗin tsakar gida, an koma gidan jiya, sanda cike intanet babu, sai dai wannan karon asarar ta ninka ta ekstenda sau da yawa. Inda mesh ya fi tsohuwar rauta shi ne wajen miƙa waya daga wannan zuwa waccan in kana yawo a gida, wannan kam gaskiyarka ne. Kuma shi ma mesh ɗin ana iya haɗa shi da kebul, a nan ne yake nuna kansa sosai. In Baban Walid yana da hali ya yi hakan, mesh da kebul, babu abin da ya fi shi. In aljihu bai kai ba kebul da ƙaramar rauta. Ko ta ina dai kebul ɗin yana nan.

Mai sayen mesh ya lura da wani abu, akwai masu araha da gudun ramin kebul ɗinsu bai wuce 100Mbps ba, kamar Deco E4 da Nova MW3, akwai kuma masu gigabit, wato 1000Mbps, kamar Deco M4 da Nova MW6. Ga mai rautar 4G wannan ba wata matsala ba ce don da wuya ma ya kai ɗarin, amma wanda ke shirin sa intanet na kebul ɗin fayiba ko Starlink na tauraron ɗan'adam nan gaba gara ya sayi mai gigabit tun yanzu. Masu Starlink ma su sani rautar ƙarni na biyu ba ta da ramin kebul sai ka sayi adafta daban, ta ukun ce ta zo da shi.

Ita kuma mai bin wayar wuta da aka gaya maka a majalisa, akwai ta, Powerline ake ce mata, amma ban ba ka shawara ba. Tana son soket biyun su kasance a layin wuta ɗaya, kuma a jona ta a bango kai tsaye ba ta sitabilaiza ko doguwar soket mai kariya ba. Gidan da aka yi ta ƙarin gini, wannan sashe da mitarsa wancan da tasa, ga cenji-oba na janareto ga wasu soket a kan inbata wasu ba sa kai, wa ya san yadda wayoyin suka bi? Sai ka saya ka zo ta ƙi yi.

Mai Kebul:

Sallama. Ni aikina kenan, jan kebul da sa kyamara, don haka bari in ƙara kan abin da Injiniya ya faɗa ta ɓangaren da hannu ke taɓawa.

Na ɗaya kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da wanda aka rubuta Cat6 a kwali amma cikinsa alminiyom ne aka yi masa fentin jan ƙarfe a sama, CCA ake kiransa. Ka ce mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka fere silin waya ɗaya ka kankare da wuƙa ko reza, in ka ga fari ya fito a ciki to shi ne. Ko ka kunna masa ashana, na bogin nan take yake lanƙwashewa ya narke, jan ƙarfe na gaske sai dai ya yi ja ya tsaya. A gajeren zango na bogin yana aiki ba zan yi ƙarya ba, amma saurin karyewa gare shi a wajen matse kai, kuma in za ka tura wuta ta cikinsa irin na PoE zafi yake yi. Ni na taɓa ja wa wani Alhaji kusan mita 70 da irinsa tun ina sabon shiga, aka rufe da siminti aka yi fenti, bayan wata huɗu abu ya mutu, da kuɗina na sake aikin kuma har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya tuna min.

Na biyu kar ka bar shi tsirara a rana. Ranar Kano ta watan Afrilu cinye robar take yi ta fara farfashewa, ɓera ma yana gwaguya. Ka zura shi a bututun roba na wayarin ka bi da shi jikin katanga, ko a binne. Kuma kar a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta. Kar kuma a rataya shi a sama daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya, da damina tsawa ɗaya za ta iya bi ta ciki ta ƙona maka rauta biyun gaba ɗaya, na ga wannan ba sau ɗaya ba. In hadari ya haɗo sosai zare shi ma ba laifi ba ne.

Na uku masu ɓoye rauta a cikin silin don kar a gani, ƙarƙashin kwano fa kenan, zafin wurin nan da rana ko mutum ba ya minti biyar. Za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa ka rasa dalili.

In da ni ne ma, tunda akwai tsakar gida, zan sa mai raba waifai irin ta wajen nan guda ɗaya a jikin bango ƙarƙashin inuwar rufi tana kallon tsakar gida, kamar EAP110-Outdoor, ruwa ba ya damunta kuma wutarta ta cikin kebul ɗin take zuwa ba sai an ja mata soket ba. Sigina zai shiga sashen maman yara ta taga da ƙofa. Amma na Hajiya kam a shigar mata da tata ciki, bangon ƙasa ba ya wasa.

Sai maganar wuta, kar ka manta kowace rauta da ka ƙara baki ce mai cin wuta. In an ɗauke wuta ta falo tana kan inbata ta Hajiya ba ta kai, an dawo inda aka fara. Akwai ƙaramin UPS na rauta, wato batirin ajiyar wuta, mai fitar da 9V da 12V, ka duba jikin cajar rautar ka ga nawa aka rubuta kafin ka jona. Cin wutar rauta bai fi na ƙwan fitila ɗaya ba.

Maman Iman:

Ni dai ba injiniya ba ce amma Baban Walid ka shirya wa abin da zai biyo baya, don mu mun gani a gidanmu. Ranar da waifai ya game gida ranar data ta fara ƙarewa kamar ana zuba ruwa a kwando. Wanda muke wata da shi ya koma kwana goma sha biyu. Ashe waya in ta ga waifai ɗauka take kyauta ne, sai ta hau sabunta manhajoji da tura hotuna da bidiyo can ma'ajiya da dare kowa na barci, YouTube kuma da ya ga sigina ya yi ƙarfi sai ya ɗaga ingancin hoton da kansa. Sai da ƙanena ya bi wayoyin gidan ɗaya bayan ɗaya ya saita musu cewa wannan waifai ɗin na awo ne, ya kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, sannan muka samu sauƙi.

Sannan yaran maƙota hmm. Tunda sigina ya fara fita waje sai muka ga dakalin ƙofar gida ya cika bayan isha'i kowa ya sunkuyar da kai. Mun canza fasawod ya fi sau uku, ashe ba sai an faɗa musu ba, wayoyin yanzu suna fitar da hoton lambar nan ta QR ɗaya ya ɗauka a wayar ɗaya shikenan, ɗana ne ma yake ba su wai abokansa ne. Ba rowa ba ce amma abin da yawa. Yanzu an buɗe musu waifai na baƙi daban ana kashe shi in an ga dama.

A gaida Hajiya, Allah ya ba ta lafiya.

Baban Walid:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya misalin ladan ɗin nan ya zauna min daram.

Ga inda aka kwana. Na ciro rautar na ɗora ta a kan wani ɗan katako kusa da tagar tsakar gida, wlh da wannan kaɗai maman yara ta daina tsayuwar taga, manhajar tana nuna -64 a falonta, da kuwa -79 ne. Ekstendar na ba ƙanena ya sa a kan matakala, ya ce da sauƙi amma ba yadda yake so ba, na ce to ya sayi nasa kebul ɗin tunda shi ya zuba dekin.

Na Hajiya na auna da igiya mita 38 ne in aka bi jikin katanga, na sayo 45, na kankare kamar yadda Mai Kebul ya ce ja ne har ciki. Na samu tsohuwar rauta wajen wani abokina. Matsalar yanzu na jona komai, waya ta kama sunan rautar Hajiya amma wani lokaci intanet ya zo wani lokaci ya ce an haɗa babu intanet, har ta falon ma ta fara rikicewa wadda da lafiyarta ƙalau. Me na taɓa?

Injiniyan Tudun Wada:

Ba ka ɓata komai ba, liman biyu ka tsayar a masallaci ɗaya. Kowace rauta tana raba wa wayoyi lambar adireshi, yanzu su biyun suna rabawa a lokaci ɗaya, wayar da ta karɓa daga ta Hajiya sai ta rasa hanyar fita.

Zare kebul ɗin tukuna. Ka hau waifai ɗin tsohuwar rautar, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. In a cikin saitin akwai inda za ka zaɓi AP, wato ta zama mai rabawa kawai, zaɓe shi kawai ta gyara kanta. In babu, sai ka yi da hannu: ka duba adireshin babbar rautarka, misali in 192.168.8.1 ne kamar na yawancin Huawei, sai ka mayar da na tsohuwar 192.168.8.2, ka nemi inda aka rubuta DHCP, shi ne mai raba adireshin, ka kashe, ka adana. Sannan kebul ɗin ya shiga ramin LAN, ba na WAN mai launi daban ba. Ka kashe su duka biyun ka kunna.

Suna da fasawod ka sa iri ɗaya sak da na falo don waya ta riƙa komawa da kanta, amma tashar, inda aka rubuta Channel, ka bambanta, ɗaya a 1 ɗaya a 6 ko 11, su ukun nan ne ba sa hawa kan juna a 2.4. Tsaron ka bar shi a WPA2, ka kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da rubuta fasawod ba, kuma ka canza fasawod ɗin shiga saitin kansa daga admin ɗin da ya zo da shi, in ba haka ba yaran da Maman Iman ke magana za su riga ka.

Baban Walid:

Alhamdulillah ya yi. DHCP ɗin ne. Ɗazu bayan la'asar Hajiya ta yi kusan minti arba'in da 'yar Madina tana kishingiɗe a kan gadonta ko sau ɗaya bai tsinke ba, har da zagaya ɗakin da waya tana nuna mata sabon labule. Da na shiga cewa ta yi wai wannan akwatin mai ƙyaftawa a rufe shi da ƙyalle da dare yana hana ta barci, na ce Hajiya kar a rufe zai yi zafi, na manna wa fitilun baƙin salatif.

Mai Kebul saura bututun, har yanzu kebul ɗin a ƙasa yake na danne shi da bulo saboda awaki, sai ranar Asabar in Allah ya kai mu. Wane girma zan saya, na milimita 20 ko na 25?